Yadda na samo masu zaman daina giya a Yamai

A Yamai in wurin shan giya kake nema ba sai ka tambayi kowa ba, ƙafarka ma kai ka za ta yi. Amma in wurin dainawa kake nema to nan ake yin ta, babu allo babu alama, kuma wa za ka tara da wannan magana? Ka tsayar da mai taksi ka ce kai ni inda mashaya ke taruwa don su daina? Ni dai na sha lalube kafin in samu, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda tawa ta kasance.

Gyaran firigo da kilim nake yi, daga Tahoua na zo tun ina yaro na koyi aikin a nan. Duk mai wannan sana'a ya san masu bar da bubet su ne manyan kiliyan ɗinmu, don mai gida zai iya haƙuri firigonsa ya kwana uku a mace, amma mai bar in konjelater ɗinsa ya tsaya a watan Afrilu ana zafin nan da ke haura 40, ko ƙarfe ɗayan dare ne sai ya tashe ka. Ka gama gyara ka sa gaz, sai ya buɗe kwalba ɗaya ya ce patron gwada ka ji ko ta yi sanyi. To daga gwaji aka fara. Daga baya ba sai konjelater ya lalace ba nake zuwa, daga baya kuma biyer ta daina isa ta sai an haɗa da mai zafin.

Kuma ka san sha a garin nan aikin ɓoye ne, goro, kanumfari, turare, ka ƙi shiga gida sai kowa ya yi barci, ka canza masallaci don kar na kusa da kai a sahu ya ji wari. Matata ta sani, ni ma na san ta sani, amma iyakarta ta ce "yau ma ka gaji ko?" in ce e.

Ba wai ban gwada dainawa ba. Shekarun farko duk azumi ajiye ta nake yi wata guda cur, daren sallah kuwa ni ne na farko a kan benci, tuban muzuru dai. Da tafiya ta yi tafiya azumin ma ya daina tsayar da ni, ana shan ruwa in sulale. Na dafa Alƙur'ani na rantse, na karya, na ciyar da miskinai goma na kaffara, na sake rantsewa. Inna ta aiko min rubutu cikin bido daga gida ta hannun direban bas, ta ce na tsari ne, na shanye tas Allah ya saka mata. Wa'azi kuwa ban rasa ba, don asirin da nake ganin na rufe ashe kowa ya sani, kawuna, yayana, liman, kowa ya zaunar da ni ya ce haramun ce. To ai tun ina makarantar allo na san haramun ce. Abin da na rasa shi ne mutum ɗaya da zan gaya wa gaskiyar yawan abin da nake sha bai zaro ido ya yi salati ba.

Abin da ya kai ni likita shi ne ranar da na ce daga yau na yanke gaba ɗaya, ban gaya wa kowa ba. Lokacin na kai inda in ban kurɓa da safe ba hannuna ba ya iya riƙe wutar sudur, sai ya yi ta rawa in huda tiyon jan ƙarfe. Wunin farko zufa da amai da bugun zuciya. Dare na biyu na fara ganin kyankyasai na fitowa daga bango suna hawa ƙafata, ina kaɗewa ina ihu, matata na kallon bango ba ta ga komai. Yarona na atiliye ta kira, aka ɗora ni a moto wani ya riƙe ni ta baya sai wata ƴar kilinik. Majon da ya karɓe ni, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya dubi hannuna, ya sa kowa ya fita, ya ce "ƙanena, yaushe rabonka da ita?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa masa.

Shi ya gaya min abin da nake so kowa ya riƙe ko bai riƙe sauran ba, wanda jikinsa ya saba da giya kullum, yanke ta lokaci guda na iya kashe shi. Rawar jiki da zufa kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewar nan da gane-gane kuma da likitoci ke kira delirium tremens yawanci kwana na biyu zuwa na huɗu take bugowa. Ba aljanu ba ne. Ya sa min serom, ya ba ni diazepam yana ragewa kaɗan kaɗan, da bitamin B1. Ni duk tsorona kar ya ce Pavillon E, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai da ake tsokanar juna da shi, ya ce in jikin ya ƙi lafawa can zai tura ni kuma ba abin kunya ba ne, su suka fi kowa sanin wannan aiki.

Ranar da zai sallame ni ya ce "wadda ke cikin jininka mun fitar, wannan mai sauƙi ce. Amma ƙarfe shidan yamma fa in ka rufe atiliye? Ni lokacin ina gida wajen iyalina." Ya juya bayan ordonans ya rubuta abu biyu, Alcooliques Anonymes, wato AA, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina, sai wata lambar salula babu suna. Ya ce na farkon ka nema a intanet, na biyun ka kira in ka shirya.

Lambar ta daɗe a aljihuna, don Yamai a ido ce take da girma, duk wanda ka kira in an bi diddigi sai ka tarar ya san wani naka. Sai na fara da intanet ɗin. Na rubuta sunan a Google, sai ga jerin taruka kan Zoom da Faransanci, kusan kowace awa akwai wani a wani wuri, don tun lokacin korona a 2020 da yawa suka koma ta nan kuma ba su bari ba. Ba kuɗi, ka danna ka shiga, ka rufe kamera ka sa sunan da ka ga dama. Lokaci ne kawai zai rikita ka. Faransa in suna zafinsu sun riga mu da awa ɗaya, ƙarfe 8 nasu ƙarfe 7 namu daidai magariba, in sanyinsu ya shigo agogonmu ɗaya. Na Kanada kuwa, ƴan Kebek masu Faransancin nan da sai ka kasa kunne sosai, muna gabansu da awa 5 ko 6, taron yammarsu tsakar darenmu yake faɗowa, kuma shi ya fi min amfani don makonnin farko barci ƙaura ya yi daga idona.

A atiliye nake zama bayan yara sun tashi, in kulle ƙofa in sa ekuter, tsakanin matattun firigo, ban cewa uffan. Wata rana wata tsohuwar baturiya tana ba da labarin yadda take ɓoye kwalba cikin injin wanki don mijinta bai taɓa buɗe shi ba, sauran suka kwashe da dariya ita ma tana dariya. Ni kuwa na juya na kalli wani tsohon konjelater da ke lungu, mai shi ya bar min shi shekara da shekaru bai dawo ba, a ciki nake ɓoye tawa. Na yi ta dariya ni kaɗai har hawaye, ban san lokacin da dariyar ta koma wani abu ba. Matar nan ba ta ce in daina ba, ba ta ma san ina duniya ba.

A tarukan nan na ji asalin AA ɗin. A 1935 ne a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, wani ɗan harkar hannun jari daga New York da suke kira Bill W., ya yi ƴan watanni bai sha ba, ya je kasuwanci abin ya watse masa, yana otal shi kaɗai ga bar a gabansa, sai ya ga in bai samu wani mashayi ya yi magana da shi ba komawa zai yi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Dr. Bob, da giya ta ci ƙarfinsa. Wato ba don ya ceci likitan ya je ba, don kansa ya je. A 1939 suka fitar da littafinsu mai matakai 12 na dainawa, sharaɗin shiga kuma ɗaya ne tak, kana son ka daina sha.

Amma na intanet na da iyaka. Ana tsakiyar magana kuran ya ɗauke ko forfe ya ƙare, kuma Faransancina na aiki ne, na devi da faktir, ba na abin da ke cin rai ba. Sannan su turawan a teburin cin abinci ake miƙa musu giya, wahalarsu yadda za su ce a'a gaban dangi, mu kuwa wahalarmu kar dangi su ji. Ranar da na samu bakin magana na ce musu wajenmu in aka san uba mashayi ne ana iya fasa auren ƴarsa, sun tausaya ƙwarai amma na ji a jikina ba su gane ba. Daren nan na lalubo ordonans ɗin.

Muryar dattijo ce, Hausar Adar sak irin ta gida, gabana ya faɗi na ce shi ke nan na faɗa hannun wanda ya san ubana. Ya ce wa ya ba ka lamba, na faɗa. "Yau ka sha?" Na ce a'a. "Ka ci abinci?" Na ce a'a. Ya ce "to tahi ka ci tukuna, gobe bayan la'asar mu gamu wurin mai shayi", ya kwatanta min wani wajen Katako. Ko sunana bai tambaya ba.

Tsohon direban kamyo ne, ya yi shekaru kan hanyar Gaya, Malanbil, Paraku har Kotonu. Na zo da shirin amsa tambayoyi sai ga shi shi ke ba ni labarin kansa, tun daga burkutun farko har ranar da ya farka cikin kabin bai san garin da yake ba ga kayan mutane a baya. Abubuwan da ni na yi niyyar tafiya da su kabari yake faɗa yana kaɗa shayinsa. Sai da ya gama ya ce su ƴan kaɗan ne, ba suna ba takarda, wani da ya zauna ƙasar waje ne ya zo musu da tsarin AA suke bi gwargwadon iyawa, sau biyu a mako. Bai kwatanta min wurin ba, ya ce shi zai zo ya ɗauke ni, haka suke yi wa kowa, ni ma ba zan faɗi unguwar ba.

Aji ne na wata ƴar makarantar kuɗi, bayan isha'i, mai makarantar ke ba su aro. Bencinan yara ne, ka ga ƙato da furfura ya takure gwiwa har ƙirji, a allo ga lissafin sau bakwai da malamar aji ta bari ba a goge ba. Ba mu kai goma ba. A bakin ƙofa wani saurayi na fifita furno, shayin nan shi ne agogonsu, in an sha na uku an tashi. Kamar fada ce dai irin ta kowace unguwa, sai dai a fada kowa so yake ya nuna shi ne gwani, nan kuwa kowa asirin kansa yake tonawa. Ina shiga idona ya faɗa cikin na wani babban ma'aikaci da na taɓa sa wa kilim biyu a gida, mutumin da nake rusunawa in ce masa Direkta. Wallahi saura kaɗan in juya. Dattijon ya riƙe min hannu ya ce "ka gane shi, shi ma ya gane ka, to mi ya rage? Zamna." Direktan ya matsa min a bencinsa.

An fara da shiru na ɗan lokaci, aka karanta wata fotokopi da ta sha hannu da Faransanci, wani ya juya Hausa wani ya juya Zabarmanci, sannan mai jan zaman ya maimaita ƙa'idoji. Suna ɗaya ya isa ko laƙabi. Abin da ka ji da wanda ka gani a nan ka bar su nan. Ba siyasa ba gardamar addini. Kan kanka za ka yi magana, ba a katse mai magana, kuma ba a ba shi shawara. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ba mu wuya, mu da mutum bai rufe baki ba mun ce sai haƙuri, ka riƙa yin kaza, Allah ya shirya. Nan in ka gama sai kawai su ce mun gode, na gaba ya ɗauka. Da farko na ga kamar rashin kula ne, sai da na yi magana da kaina na ji daɗin a ce na faɗi abu ba wanda ya gyara min shi.

Wajen ƙarshe ana zagayawa da gwangwanin madara, mai dala ashirin ya sa, mai jika ya sa, wanda ba shi da ko dala ya miƙa gaba, na sukari da ganyen shayi da gawayi. Ba sa karɓar kuɗin kowa daga waje, al'adar AA ce kowane rukuni ya ɗauki nauyin kansa. A Yamai da aka saba duk inda aka zaunar da mutane to proje ne, an taɓa samun wanda ya zauna har ƙarshe sannan ya tambayi ina ake sa hannu a karɓi perdiyem.

Zuwan farko da aka zo kaina na ce saurare na zo yi, aka ce madalla aka wuce. Sai da na ɗan saba sannan na buɗe baki na faɗi sunana na ce ni mashayi ne, da Hausa, gaban mutanen da gobe zan iya gamuwa da su a kasuwar Wadata. Gumi ya jiƙa min riga, ban san me na ce ba, na dai tuna na ambaci konjelater ɗin. Da layi ya zo kan Direkta yana dariya ya ce shi cikin tankin ruwan bayan gida na buro yake sa tasa.

Akwai abin da ya dame ni kuma na san zai dami duk Musulmi, anya wannan ba abin coci ba ne aka lulluɓe? Na je wajen wani malami da na yarda da shi na ce wani abokina ne ke tambaya, ya yi murmushi irin na wanda ya san abokin. Ya ce ita kanta giyar ba rana ɗaya aka haramta ta ba, a Baƙara aka fara cewa zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i aka ce kar a kusanci salla cikin maye, sannan a Ma'ida hani ya sauka gaba ɗaya. Ya ba ni labarin sahabin da ake yawan kawowa gaban Annabi (SAW) kan sha, wani ya tsine masa, Annabi ya hana ya ce mutumin na son Allah da ManzonSa. Ya ce ka gaya wa abokin naka in ba a ce ya bar salla ko ya yi shirka ba ya je, neman magani ne. A zamanmu yawanci Musulmi ne da ƴan Kirista kaɗan, in za a rufe kowa ya yi addu'arsa a zuci. Dattijon kan ce mu ba sanin Allah muka rasa ba, yarda da cewa mun kasa ita ta gagare mu, kuma matakin farko ke nan cikin 12 ɗin. Rantsuwa ma ba a yi, ni da na saba cewa har abada aka ce a'a, awa 24 kawai, yau ba zan sha ba, gobe in ta zo a yi maganarta.

Dattijon ne ya zama paren ɗina, wato wanda ya riga ka nisa a hanyar kake kiransa in ta taso. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce ɗana. Yarjejeniyarmu in kira KAFIN in sha, ba bayan na sha ba. Ƙarfe shidan da majo ya faɗa kuwa gaskiya ne, ana fara rufe shaguna maƙogwarona ke bushewa, moton ma da kansa yake neman karkata hanyar da ya saba. In na kira tambayar farko ita ce na ci abinci, don a cewarsu abu huɗu ke buɗe mata ƙofa, yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya, kuma sau da yawa kwanon dambu da kopto da ruwan sanyi ya kashe maganar. Sha'awar in ba ka biye mata ba tasowa take ta kai ƙarshe ta sauka, wani lokaci kafin mu gama hirar tayoyin kamyo ta wuce.

Maganar aikin bar muka fi daɗewa a kai don nan abincina yake. Watannin farko yarona nake turawa ina gaya masa abin yi ta salula, na yi asarar kiliyan ba kaɗan ba. Yanzu ina zuwa amma da safe kawai kafin su buɗe, ba ni kaɗai ba, in kira Baba kafin in shiga in kira shi in na fito, kuma na sayi termometa, duk wanda ya ce in gwada in ji ko ta yi sanyi sai in nuna masa lamba. Abokan benci suka sa min suna ustaz, suka yi ta yi har suka gaji.

Kar wani ya ɗauka kowa ya zo ya warke. Bayan sallar layya Direkta ya ɓace ba ya ɗaukar waya, sai bayan makonni ya shigo fuska a kumbure yana kallon ƙasa. A raina na ce yau za a ji faɗa, don mutumin nan ya fi shekara bai sha ba. Ba wanda ya ce komai, saurayin ya tsallake kowa ya miƙa masa kofin farko, Baba ya ce "mun gode da ka komo". Na ji haushi, na ga an sauƙaƙa abin da yawa, amma da an yi masa faɗa bar zai koma, can ai ba a faɗa. Wani yaro kuma ya bar giya ya kama tramol yana cewa ai shi ya daina, an gudu ba a tsira ba, har yau muna fama da shi. Akwai wanda muka kai makwanci, ya daina amma hanta ta riga ta tafi, ciki ya kumbura ido ya yi rawaya, Allah ya jiƙansa. Zaman nan ba asibiti ba ne, ba a ba da magani ba a hana shan wanda likita ya rubuta, mai ciwo likita ake kora shi.

Abin da ban ji daɗinsa ba har yanzu babu mace ko ɗaya, ba don ba matan da ke sha a garin nan ba, ni da ke shiga bar na sani. Amma wace mace za ta fito bayan isha'i ta zauna cikin maza ta ce ita mashayiya ce? Sai dai ta intanet, can akwai tarukan mata zalla. Iyalanmu ma haka, a waje akwai Al-Anon tun 1951 don dangin mashaya, matanmu kuwa ba su da inda za su sauke nasu kayan. Da na kai mataki na 8 da na 9, inda kake rubuta duk wanda ka cuta ka je ka gyara abin da zai gyaru, na biya basussuka, wannan da sauƙi. Matata ce ta ƙarshe. Na zaunar da ita na daɗe ina magana, tana saurare tana tsintar shinkafa, da na gama ta ce "na ji Baban yara, mu gani a ƙasa." Na kai ƙara wajen Baba ina huci, ya ce shekara nawa ka yi kana yi mata alkawari? To ka ba ta ko rabin wannan lokacin ta gani.

In kana neman irin wannan, hanyar da na sani ita ce wadda na bi. Ka fara da ma'aikacin lafiya, majo a CSI, wato asibitin unguwa, ko likita, ka gaya masa gaskiyar abin da kake sha kafin ka yanke, ka tambaye shi kai tsaye ko ya san wasu da suka daina suke haɗuwa, don irin wannan zama daga baki zuwa baki yake tafiya. Kafin nan ka shiga na intanet ko saurare ne, akwai na Ingilishi da Larabci ma. In garinku babu kowa, mutum biyu ma zama ne. Akwai wani da Baba ya haɗa ni da shi yana Tahoua shi kaɗai, duk daren Laraba nake kiransa ta WhatsApp in faɗi nawa ya faɗi nasa, yanzu ya ce ya samu na biyu suna neman inda za su riƙa zama da ba za a sa musu ido ba. Mu ma nan muna cikin tamu, mai makarantar na son ajinsa zai buɗe karatun dare, ga azumi na matsowa ana ta gardama ko a koma bayan asham ko kafin shan ruwa, masu cewa kafin shan ruwa sun manta ba shayi ke nan. Ba a dai yanke ba, an bar wa zaman jibi.